Kyautar Dato Fung

Tajuddeen likitan dabbobi ne daga Zariya, ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan ciwon cikin dawaki, kuma in gaskiya za a bi, ya fi sanin cikin doki fiye da cikin mutum. Jami'arsa ce ta haɗa shi da wata bargar dawakin sukuwa a wajen Sungai Besi, inda yake ɗibar abin bincikensa. Mai bargar wani attajiri ne ɗan asalin Sin, mai otal-otal da gidajen abinci, ana ce masa Dato Fung. Dato ɗin nan sarauta ce irin ta mutanen ƙasar, ba sunan yanka ba.

A bargar akwai wata goɗiya da aka sayo daga Ostareliya, ja mai baƙar geza da baƙin wutsiya. Sunanta na sukuwa Puteri Hujan, shi kuwa Tajuddeen Bikili yake ce mata saboda launinta. Ba ta da kirki ko kaɗan. Ta ciji masu share barga, ta harbi mai sa mata takalmi, ko karas aka miƙa mata sai ta fara kallon mutum sama da ƙasa kafin ta karɓa. Amma in ta shiga fili, sauran dawakin ƙurarta kawai suke shaƙa.

Ƙarshen shekarar 2019 cikinta ya murɗa, har aka fara maganar a hutar da ita gaba ɗaya. Tajuddeen ya tare a bargar, yana zura mata ruwa da magani ta hanci, yana jan ta suna zagaye, in ta nemi kwanciya ya hana ta. Allah Ya sa da sauran shan ruwanta, ta tashi. Daga nan ne ta daina kallonsa sama da ƙasa. Ba a yi wata biyu ba sai ta ci babban kofin farkon shekara, ta bar na biyu a baya kamar an ɗaure shi.

A ranar, a gaban mai horar da dawakin da mahayin da baƙin Dato, tsohon ya kama hannun Tajuddeen ya ɗora a wuyan goɗiyar da ke ta zufa.

"Doktor, kai ka dawo mini da ita," in ji Dato Fung. "Ranar da ta daina gudu, taka ce. Na ba ka. Ku shaida."

Tajuddeen ya durƙusa a kan ciyawar nan, abin da ya sa baƙin suka ja da baya, suna zaton jiri ne ya ɗebe shi.

Ya koma gidansu na haya a Wangsa Maju ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Matarsa Sakinatu, wadda ke nata karatun a wata jami'a da ke Jalan Semarak, ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko a falo za su ɗaure ta ko a baranda wajen shanya. Ya ce ita dai ba ta san darajar jini ba. Goɗiya irin wannan, ko ba ta sake gudu ba, 'ya'yanta kaɗai sun isa su canza irin dawakin Arewa gaba ɗaya.

Kyauta irin wannan ba a karɓarta da baki ɗaya. Tajuddeen ya je ya sami Malam Badamasi, dattijon ɗaliban Arewa a birnin, mutumin da ya daɗe a kan digirinsa har yaran da ya tarar a goye sun fara sallah. Malam ya ɗan yi gyaran murya a kan batun sukuwa da cacar da ke tattare da ita, amma ya ce dabba ba ta da laifi. Ranar Lahadi suka ɗunguma su biyar cikin manyan riguna, a zafin Kuala Lumpur, suka tafi gidan Dato yin godiya. Sun riƙe masa hula zanna da tintimin fata na Kano a matsayin tukwici.

Dato Fung ya tarbe su da gajeren wando da silifa. Ya sa hular a karkace, ya yi ta dariya, ya sa aka kawo lemo, aka ɗauki hotuna. Malam Badamasi ya yi dogon jawabi da Turancin lacca, ya yaba asalin Dato da bai sani ba, ya yi wa zuriyarsa addu'a. Da za su fita, Dato ya dafa kafaɗar Tajuddeen.

"In lokaci ya yi kuma ka shirya, ka zo ka faɗa mini mana. Sai a juya takardunta."

Tajuddeen ya sunkuyar da kai ya ce to. A ransa kuwa ya ɗauki maganar a matsayin irin ta manya, wadda ake yi don a cika baki. A garinsu wanda aka yi wa kyauta ba ya zuwa karɓo ta kamar mai bin bashi. Mai kyauta shi ke aiko ɗan aike da abin har ƙofar gida, kai kuma ka ba ɗan aiken tukwicinsa. Har ya sayi sabon agogo ya ajiye a ƙasan akwati, don duk wanda Dato zai aiko ranar.

Sai annoba ta zo. Watan Maris aka kulle ƙasar, aka rufe filin sukuwa, jiragen ƙasan cikin gari, wato LRT, suka koma suna yawo babu kowa a ciki. Tajuddeen ya samu izinin fita saboda aikin dabbobi, don haka kullum yana hanya da takunkumi a fuska, daga Wangsa Maju ya sauka Masjid Jamek ya canza jirgi zuwa Sungai Besi, 'yan sanda suna duba shi a kowace kusurwa. Aka buɗe sukuwa ba 'yan kallo, aka sake rufewa, aka sake buɗewa. Doki kuwa bai san da wata annoba ba, cinsa yake yi safe da yamma. Otal-otal ɗin Dato suka zama kango mai fitilu.

A cikin wannan buɗe-rufe ne, a shekara ta biyu, jijiyar ƙafar Bikili ta gaba ta tsinke a wajen atisaye. Ba ciwon mutuwa ba ne, amma gudu ya ƙare. Tajuddeen ya ɗaure ƙafar da hannunsa, yana jin tausayinta, yana kuma jin wani daɗi a ƙasan zuciya da ya ji kunyar kansa a kai. Lokaci ya yi.

Kada a ce bai shirya ba. Ya shirya tsaf. Ya samu wani Bamalaye mai 'yar gona a Hulu Langat da ya yarda ya ajiye ta a kan ɗan abin da ba zai gagara ba. Ya yi magana da wani ɗan uwan mahaifiyarsa mai dawakin wasan folo a Kaduna, wanda ya ce shi zai ɗauki nauyin jirgi in hanya ta buɗe, a ba shi ɗan fari. Mahaifinsa ya sani, 'yan sashensu a jami'a sun sani, duk wanda ke sallar Juma'a da shi ya sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne Dato Fung, don faɗa masa zai zama kamar an ce masa ya yi sauri.

Ya jira ɗan aike. Wata ya wuce, wani ya bi. Aka shiga kullen tsakiyar shekara, wanda ya fi na baya ciwo, har mutane suka fara rataya farin ƙyalle a tagoginsu alamar babu abinci a gidan. Dato ya fara rage dawaki. Dandaƙaƙƙun aka ba makarantun koyon hawa kusan kyauta. Tajuddeen yana gani yana cewa a ransa, yanzu za a zo kan tawa.

Wata safiya mai horar da dawakin ya kira shi gefe ya nuna masa waya. Wani kamfanin gwanjo na ƙetare ne zai yi kasuwar goɗiyoyin kiwo ta intanet, irin wadda ake kai manyan goɗiyoyin da suka gama sukuwa, masu gonakin kiwo su yi ta ƙari a kansu saboda 'ya'yan da za su haifa. Ga hoton Bikili a jerin, da sunan ubanta da na kakanta da kofunan da ta ci.

"Suna son bidiyo, a ga tafiyarta," in ji mai horarwar. "Kai kaɗai take bi ba gardama. Jibi, boleh?"

Tajuddeen ya ce boleh, wato zai yiwu da harshen Malay. Bai san lokacin da kalmar ta fita ba.

Da ya isa gida ya ajiye ledar abincin da ya yo tapau, wato ya sa aka ƙunsa masa, daga shagon mamak na Indiyawa Musulmi, bai taɓa ba. Sakinatu ta ji labarin tana tsaye.

"Ka kira shi mana," ta ce. "Ga lambarsa a wayarka. Just call the man, ka ce Dato, yaya maganarmu?"

"In ce masa me? In ce ka yi mini alkawari, cika? Ni ɗan bara ne?"

"Shi ya ce ka zo ka faɗa masa. Kai da bakinka ka ba ni labari."

"Magana ce kawai. A gaban mutane ya ba ni. Bai manta ba, so yake in yi magana ya ce mini business is business, in dawo da kunya."

"To in ya faɗa, me ya ragu a jikinka? Kunyar mara kunya asara ce, in ma mara kunyar ne. Nan ba Tudun Wada ba ce, Tajuddeen. Mutanen nan in ba ka buɗe baki ba, ko ruwa ba za su ba ka ba, ba don rowa ba, sai don sun ɗauka ba ka jin ƙishi."

Ya ce ita mace ce, ba ta san yadda ake zama da manya ba. Ta ce haka ne, ta ɗauki abincinta ta shige ɗaki.

Ya kira Malam Badamasi. Malam ya yi salati, ya ce mutanen yanzu alkawari ba ya yi musu nauyi. Sannan ya ba da shawarar da kowane dattijon kirki zai bayar a Kano ko a Zariya, wadda kuma a can take aiki kamar yankan wuƙa.

"Babba ba a tuna masa alkawari kai tsaye, sai ka tozarta shi. Ka same shi ka sake yi masa godiyar kyautar. In ɗan halak ne, kunya za ta kama shi, da kansa zai janye ta."

Ranar bidiyo Dato Fung ya zo bargar. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, takunkumi biyu a fuskarsa. Tajuddeen ya wanke Bikili, ya taje mata geza, ya shafa mata mai a kofato, ya ja ta gaba ya ja ta baya a gaban kyamara, tana bin sa kamar akuyar gida. Shi ya yi mata kwalliyar da za a raba shi da ita, kuma ya yi ta da kyau, don bai iya aikin banza ba. Da aka gama ya je ya tsaya nesa kaɗan da Dato, yadda doka ta ce.

"Dato, ban taɓa manta alherin da ka yi mini ranar kofi ba," ya ce. "Har gobe ina godiya. Iyayena ma suna godiya. Na san halin da ake ciki, kowa yana ji a jikinsa."

Dato ya daɗe yana kallonsa ta saman takunkumi.

"Kai fa, Doktor? Kuɗin karatu yana zuwa?"

"Ana ta haƙuri, Dato."

"Akwai abin da kake son faɗa mini?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Amma a kunnen Tajuddeen tambayar ta yi kama da ta mai son a roƙe shi. Ya yi murmushin da ba a gani a bayan takunkumi.

"Babu komai, Dato. Sai alheri."

Dato ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya gane, ya shiga mota.

Kwanakin da suka rage Tajuddeen ya yi su yana duba jerin gwanjon kamar mai duba sakamakon asibiti, yana jiran ya ga an cire sunanta. Ba a cire ba. Zuciyarsa ta cika da ɗaci, ya ƙi tsohon nan ƙiyayyar da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya riƙa tuna dariyarsa da hular a karkace, yana cewa ashe tun ranar dariya yake yi musu, ƙartai biyar cikin manyan riguna sun zo godiyar iska.

Ranar gwanjon da hantsi ya zauna a falo da kwamfutar Sakinatu. Babu mai ƙararrawa, babu dillali mai zaƙin baki, babu ko haniniya. Hotuna ne da agogo mai ja da baya, da lambobi masu tsalle. Goɗiyoyi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi zamaninta a fili, yanzu ba a tambayar komai a kanta sai mahaifa. Da aka zo kan Bikili sai ga shi kansa a bidiyon, hannunsa a kan ragama, an yanke kansa daga sama don ba shi ake sayarwa ba. Lambobin suka yi ta hawa, wasu mutane da ba su taɓa jin warin ta ba suna ƙari daga ɗakunansu. Agogon ya tsaya. Wata gonar kiwo a Filifin ce ta saye ta.

Sakinatu ta ajiye masa shayi a gefe.

Bayan mako biyu aka zo ɗaukarta zuwa wurin killace dabbobi kafin jirgi. Tajuddeen ya je, yana cewa don ya cire mata bandeji ne. Dato ma ya zo. Suna tsaye a inuwa, ana shimfiɗa ciyawa a cikin motar, sai tsohon ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Na gode da ka sauƙaƙa mini, Doktor. Abin ya dame ni ƙwarai."

Tajuddeen ya ji jininsa ya hau.

"Tun da ƙafarta ta samu matsala nake jiranka," in ji Dato. "Ba ka zo ba. Na ce yaron nan ɗalibi ne, ga annoba, ina zai kai doki? Doki yana cin abin da ya fi kuɗin hayarka. In na aiko maka da ita, na ɗora maka kayan da ba za ka iya ba, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, na san ku da kunya. Ɗana ya matsa a sa ta a gwanjo. Na ce a sa, amma in Doktor ya yi magana, a cire, ko da za a ci mu tara."

Tajuddeen ya juyo ya dube shi.

"Ranar bidiyo na zo don kai," Dato ya ci gaba. "Likita ya hana ni fita, na fito. Sai ka yi mini godiya, ka ce ka san halin da ake ciki. Na tambaye ka, ka ce babu komai. Na ce to, ya mayar mini da ita cikin mutunci, ba ya so ya ce ba zai iya ba. Duk da haka na hana ɗana tabbatar musu sai da safiyar gwanjon. Wayata tana hannuna har aka fara."

Babu alamar ƙarya a muryarsa, kuma wannan ne ya fi komai muni. Da mayaudari ne, da Tajuddeen ya samu wanda zai ƙi har ƙarshen ransa, ya ba da labarinsa a Zariya a tsine masa tare. Yanzu ɗacin da ya tara bai da inda zai zuba shi sai cikinsa.

"Ina da wurin ajiye ta," ya ce. "A Hulu Langat. Ina da wanda zai biya jirgi. Tun watan da ta ji ciwo na gama shiri."

Dato Fung ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Tajuddeen ya waiwaya. A can bayansu an fito da Bikili, tana taka katakon motar tana ja da baya, direban yana duba agogo.

"Dato," ya ce, "ina son ta. Ka ba ni ita."

Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba, ba ta kuma ƙone masa harshe ba. Tsohon ya mayar da tabaransa, ya dubi motar, ya dubi ƙasa.

"Yanzu ba tawa ba ce, Doktor."